Maganin SIDA: Idan yana wahalar da kai, ka koma wa likita, kada ka ajiye shi

Fiye da shekara 20 ke nan da Nijar ta fara bai wa masu ɗauke da ƙwayar cutar SIDA magani kyauta, ƙarƙashin shirin INAARV da ya kankama a 2004. An kuma ga amfanin abin. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna kashi 0.7 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, na 2012 ya nuna kashi 0.4, yanzu kuwa ƙiyasin hukumar ONUSIDA bai wuce kashi 0.2 ba, wato mutum wajen 30,000 a faɗin ƙasa. A Yamai akwai matasan da aka haifa da cutar, suka girma kan magani, yau suna karatu a jami'a ko suna sana'arsu.

Sai dai akwai maganar da ba a cika yi ba, a rediyo ko a tarukan ranar 1 ga Disamba, wato me mutum zai yi idan maganin da ke riƙe da rayuwarsa yana hana shi barci, ko yana sa shi jiri, ko yana ƙara masa ƙibar da bai nema ba. Da yawa kan yi shiru su jure. Wasu su riƙa tsallake kwanaki. Wasu kuma su jefa robar maganin ƙarƙashin katifa, ba za a sake ganinsu a asibiti ba sai ciwo ya kayar da su. A ganina wannan shirun ya kamata mu yaƙa yanzu, kuma nauyin yana kan majiyyaci da ma'aikacin lafiya da hukuma baki ɗaya.

Tarihin maganin kansa ya nuna cewa koke yana da amfani. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya sauko da kuɗin haɗin magunguna uku zuwa dala 350 a shekara, daga nan ƙwayar Triomune ta bazu a Afirka, ta ceci rayuka masu yawa. Amma ɗaya daga cikin sinadaranta, istabudin, yana zaizaye kitsen fuska da na hannu da ƙafa har kumatu su lotsa, yana kuma sa tafin ƙafa zafi da mutuwar jijiya. Majiyyata sun yi ta kuka, likitoci suka rubuta abin da suke gani, a ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara janye shi. A 2013 aka koma kan haɗin da ke da efabirenz. Shi ma da nasa: jiri, mafarkai masu firgitarwa, wani lokaci baƙin ciki mai nauyi, wasu maza har nono ya fito musu. Bincike ya gano cewa a cikin 'yan Afirka an fi samun mutanen da hantarsu ke jinkirin fitar da wannan magani daga jiki, shi ya sa yake taruwa ya fi buga su.

Yau mafi yawan manya suna shan ƙwaya ɗaya a rana, wadda ake kira TLD, haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegrabir. A 2017 aka cimma yarjejeniyar sayar da ita kan kimanin dala 75 a shekara, a 2023 Asusun Duniya na yaƙi da SIDA da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya sanar da cewa ta sauko ƙasa da dala 45. Ta fi waɗanda suka gabace ta ƙarfi da sauƙin sha, kuma ƙwayar cutar ba ta saurin bijire mata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya samu ne saboda an saurari jikin masu shan magani. Don haka wanda ya ce wa likita "wannan ƙwaya tana damuna" bai yi butulci ba, hanyar da aka bi aka kawo mu nan ce yake bi.

Abin da TLD kan jawo

Wasu kan samu ciwon kai, tashin zuciya ko kasala a makonnin farko, galibi kuma yakan lafa da kansa. Wasu kan rasa barci, kuma sau da yawa mayar da lokacin shan ƙwayar daga dare zuwa safe, da sanin likita, ya isa ya warware matsalar. Sai ƙiba. Manyan bincike guda biyu da aka wallafa a 2019, NAMSAL a Yawunde ta Kamaru da ADVANCE a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, sun nuna masu shan dolutegrabir sun fi masu shan efabirenz ƙara nauyi, musamman mata. A wurinmu inda ake yi wa ƙiba kallon alamar hutu, mai magani kan ji daɗi idan ya murmure, dangi ma su daina tsegumi. Amma ƙibar da ta wuce kima tana jan hawan jini da ciwon suga, kuma likitoci a Yuganda sun ba da rahoton hauhawar suga a jinin wasu da aka mayar kan wannan magani. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da ramewa ba dalili alamu ne da ke bukatar awon suga ba tare da jinkiri ba.

Tenofobir kuwa ƙoda da ƙashi yake iya taɓawa a wasu mutane, kuma a ɓoye yake yi, sai awon jini da na fitsari ke nunawa. Nan ne yanayin Yamai ya shigo ciki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗan kabu-kabu ko mai dako a kasuwar Katako ya wuni cikin rana bai sha ruwa isasshe ba, da yamma jiki ya yi tsami ya sayi diklofenak ko ibufurofen wajen mai tallan magani ya haɗiya. Ƙarancin ruwa da irin waɗannan magungunan ciwon jiki da tenofobir, idan suka daɗe suna haɗuwa, ƙoda ce ke biyan bashin.

Akwai kuma magungunan da ke rage wa dolutegrabir ƙarfi ba tare da mai sha ya sani ba. Maganin gyambon ciki mai kama da alli, da ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu, da ta ƙarin ƙarfin ƙashi, duk suna kama shi a cikin hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu, ko da yake ƙwayar ƙarin jini da ta ƙashi ana iya haɗa su da shi idan tare da abinci ne. Mai shan maganin tarin fuka mai rifamfisin yana bukatar ƙarin ƙwayar dolutegrabir ta miligiram 50 bayan awa 12. Mai ciwon suga da ke shan metformin ana iya rage masa adadi, domin dolutegrabir na ƙara yawansa a jini. Wasu magungunan farfaɗiya ma ba sa jituwa da shi. Duk wannan bayani ne na minti biyar, amma wanda ba a faɗa masa ba ba zai sani ba, wanda kuma ya ɓoye wa likitan tarin fuka ko unguwarzoma cewa yana kan maganin SIDA ya toshe wa kansa hanyar jin sa.

Wasu alamun kuma ba a kwana da su: ƙuraje masu ruwa tare da zazzaɓi ko gyambo a baki da ido, ido ya yi ruwan ɗorawa, amai da ciwon ciki mai tsanani, haki da ɗashewar tafin hannu ga mai shan AZT, kumburin ƙafa da raguwar fitsari, ko tunanin kashe kai. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi asibiti a ranar, ko CTA ne, ko Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde, ko cibiyar lafiyar da ta fi kusa da shi, ya kuma tafi da robar maganinsa.

Me ya sa ba a ajiye magani

Ana yawan jin wani ya ce zai ɗan "hutar da jiki" na wata ɗaya ko biyu. An gwada wannan a kimiyyance. Binciken SMART, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 5,000 a ƙasashe 33, ya kwatanta masu sha kullum da masu yin hutu bisa lissafin likita. A watan Janairun 2006 aka dakatar da shi tun lokacinsa bai cika ba, saboda masu hutun sun fi kamuwa da ciwo da mutuwa. Idan hutun da likitoci ke sa wa ido ya zo da haka, ina ga wanda mutum ya yanke wa kansa a ɗaki?

Da zarar an tsaya, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar ke dawowa cikin jini. Sha yau a bari gobe kuma shi ke ba ta damar koyon bijire wa magani. Sannan akwai haɗarin da ya shafe mu musamman. Nijar na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, kuma tenofobir da lamibudin suna danne wannan ciwo a lokaci guda. Mai ɗauke da cututtukan biyu, ko da bai san da na hantar ba, idan ya yanke magani kwatsam ciwon hantar na iya tasowa da ƙarfin da zai kai shi kushewa. Gudun gara ke nan a faɗa wa zago.

Ga ma'aurata kuma akwai wani lissafin. Binciken HPTN 052 na 2011, da na PARTNER da ya biyo baya, sun tabbatar da cewa wanda maganinsa ya danne ƙwayar cutar har awo ba ya ganinta ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Uwar da ke kan magani tana kare jaririnta a ciki da lokacin shayarwa. Wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda rashin barci ya janye wannan kariya daga matarsa da ɗansa ba tare da sun sani ba.

Masu maganin gargajiya da ke shela a kasuwa da WhatsApp cewa suna warkar da cutar gaba ɗaya suna samun kasuwa ne a daidai wannan gaɓa, lokacin da mutum ya gaji da ƙwaya. Ba a manta da Gambiya ba. A 2007 shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da SIDA da ganyaye, aka sa majiyyata suka bar maganin asibiti, wasunsu suka mutu, waɗanda suka rayu suka ba da shaida gaban hukumar binciken gaskiya bayan faɗuwarsa.

Sauya magani iri biyu ne

Ya kamata mai shan magani ya san bambancin. Na farko shi ne musanya sinadari ɗaya saboda illa, alhali maganin yana aiki: a cire tenofobir ga mai matsalar ƙoda a sa abakabir, ko a cire AZT ga wanda jininsa ya yi ƙasa. Wannan bai nuna an gaza ba, kuma mutum bai ƙone wata dama ba. Na biyu shi ne komawa layi na biyu saboda maganin ya daina danne ƙwayar cutar. Awon yawan ƙwayar cuta a jini, wanda a asibitocinmu ake kira charge virale, shi ke tabbatar da haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi shi bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, sannan kowace shekara. Idan ya haura 1,000, a zauna da mutum a gano abin da ke hana shi sha daidai, a sake awo bayan wata 3. Sau da yawa gyaran yadda ake sha ya isa ya sauko da shi.

Masu cewa kada a riƙa saurin sauya wa mutane magani suna da hujja. Zaɓin da ke cikin rumbunmu kaɗan ne. Magungunan layi na biyu sun fi tsada, ƙwayoyinsu sun fi yawa, suna kuma da nasu illolin: lopinabir na sa gudawa, atazanabir na iya sa ido ya yi rawaya ko da hanta lafiya take. Ga kuma nau'in HIV-2 da ake samu a Afirka ta Yamma, wanda efabirenz da nebirafin ba sa yi masa komai. Duk na yarda. Amma wannan hujja ce ta a yi bincike kafin a sauya. Ba ta halatta a sallami mai koke da "ka yi haƙuri, haka maganin yake" ba. Wanda aka sallama haka sau biyu ba zai yi na uku ba, zai yanke hukunci shi kaɗai, kuma daga ƙarshe layi na biyun da ake tattali shi za a ba shi, bayan ya sha jinya.

Abin da ya faru da mata a 2018 darasi ne. A watan Mayun shekarar binciken Tsepamo a Botswana ya ga jarirai 4 cikin 426 da uwayensu suka ɗauki ciki suna shan dolutegrabir an haife su da naƙasar laka ko ƙwaƙwalwa. Ƙasashe da dama suka hana mata masu shekarun haihuwa maganin. Matan da ke ɗauke da cutar suka taru a Kigali suka ce a ba su bayani su zaɓa da kansu. Da aka ƙara tattara alƙaluma haɗarin ya yi ta raguwa, a watan Yulin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga kowa har da mata, bayanan da suka biyo baya kuma ba su nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Har yau akwai matan da tsohon labarin kawai suka ji. Mai niyyar ɗaukar ciki ta yi magana da likitarta, kada ta tsayar da magani.

Ga 'yan ci-rani da mazauna waje

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin tafiya Abijan, Legas, Tamanraset ko Libiya ya nemi maganin wata 3 zuwa 6, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a bai wa wanda jikinsa ya daidaita, ya kuma karɓi takardar da ke ɗauke da sunan haɗin da yake sha da sakamakon awonsa na ƙarshe. Launin ƙwaya da robarta na canzawa daga kamfani zuwa kamfani, sinadaran da ke rubuce a jiki su ne abin dubawa. Wanda ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka aka sa shi kan Biktarvy ko Dovato, idan zai dawo gida ya daɗe, ya tambayi likitansa tun can wane haɗi zai maye gurbinsa a Yamai, kuma ko an auna shi ciwon hanta nau'in B, domin Dovato bai isa ya riƙe wannan ciwon ba. Haka allurar kabotegrabir da rilfibirin da ake yi duk wata biyu a Turai: tana aiki, binciken CARES a Yuganda da Kenya da Afirka ta Kudu ma ya nuna haka, amma ba ta maganin ciwon hanta, ba ta dace da mai HIV-2 ko mai shan rifamfisin ba, kuma saɓa ranar allura haɗari ne. Sannan kada ɗan'uwa ya aiko wa ɗan'uwa ragowar ƙwayoyinsa don "na Turai sun fi kyau". Likitan da bai ga jinin mutum ba ma ba ya zaɓa masa magani, balle wanda ba likita ba.

Azumi ma ba dalilin tsayawa ba ne. Ƙwaya ɗaya a rana ana iya mayar da ita lokacin sahur ko buɗa-baki. Mai sha sau biyu ko mai matsalar ƙoda ya tambayi likita tun watan Sha'aban, addini kuma ya yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da ya rage wa hukuma

Majiyyaci ba zai iya shi kaɗai ba. Ina ganin ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya ta mayar da tambayar illar magani wajibi a kowace ziyara, a rubuce cikin katin majiyyaci: barci, nauyi, hawan jini, yanayin zuciya, da sauran magungunan da yake sha. Awon ƙoda da na suga da na ciwon hanta nau'in B su kasance cikin abin da ake bayarwa kyauta kuma ake samu a kai a kai, domin ƙwaya kyauta da awo na kuɗi rabin kyauta ce ga mai neman na cefane. Sakamakon charge virale ya riƙa dawowa cikin makonni, a Yamai da Difa da Agadas duka. A kuma tanadi magungunan musanya, har da na yara, a rumbunan jihohi. Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda hanyar shigo da magani ke iya tsinkewa dare ɗaya, dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 kuma ya girgiza shirye-shiryen SIDA a Afirka baki ɗaya. Ƙasar da ke maganar dogaro da kai, wadda masu bukatar maganin nan mutum wajen 30,000 ne, tana iya ware musu kaso tabbatacce a kasafin kuɗinta.

Ƙungiyoyi irin su RENIP+ da MVS sun daɗe suna wannan aiki, kuma wanda ya shekara goma yana shan ƙwayar ya fi kowa iya gaya wa sabon shiga cewa jirin makon farko zai wuce, amma ƙurajen nan a tafi asibiti yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba su gurbi da alawus a kowace cibiya, da lambar waya da matashi zai iya kira ko ya tura saƙo ba tare da ya tsaya a layin da maƙwabcinsa zai gan shi ba.

Mu kuma sauran jama'a, a fada da majalisa da gidajen biki, mu san cewa tsegumin "wance ta rame" ko "wane kullum yana haɗiyar ƙwaya" shi ke sa mutum ɓoye magani a cikin takalmi, ya kasa sha a kan lokaci, ya kasa tambaya idan ya ga abin da bai gane ba. Dokar ƙasa ta 2015 kan cutar ta hana nuna wariya da fallasa sirrin majiyyaci, amma bakin mutane ba kotu ce ke tsare shi ba. Idan ɗan'uwanka ya amince da kai har ya ce maganinsa na wahalar da shi, taimakon da za ka yi masa shi ne ka ɗauko babur ka kai shi wurin likitansa, ka jira shi a waje, ka kuma riƙe sirrinsa.